Ƙarshen Fim Ɗin Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji uku da ke zaune a garin Silver Spring, a Amurka. Gidansu yana cikin wani dogon bene, kusa da tashar jirgin ƙasa. Tana tare da Babanta da Mamanta da yayanta Fatihu.

Yarinyar kirki ce, ba rowa, ba tsiwa. Aibinta guda ɗaya ne tak, ba ta iya jira ba. In aka fara ba ta labari, ƙarshen take so a fara faɗa mata. In ka ce mata "bari tukuna", sai ta turo baki kamar an ba ta magani mai ɗaci.

Wata rana Kaka ta zo musu ziyara daga Zariya. Ita ce mahaifiyar Baba. Ta zo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Can ƙasan akwatinta kuma akwai wani abu baƙi mai kauri, naɗe cikin ɗankwali.

"Kaka, mene ne wannan?" Da Turanci yarinyar ta yi tambayar, Fatihu ya fassara. Tana jin Hausa sarai, amma bakinta ya fi sabawa da Turanci.

Kaka ta ce kaset ɗin bidiyo ne. Marigayi kakansu ne ya ɗauki wani fim daga talabijin, tun Baba yana ɗan yaro. Tsohon fim ne na Turawa, mai waƙe-waƙe. Labarin wani mai jirgin ruwa ne da 'ya'yansa uku. A lokacin su kaɗai ke da bidiyo a layinsu. Sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maƙwabta su cika maƙil. Kaka ba ta jin Turanci, amma babu waƙar fim ɗin da ba ta iya bin muryarta ba.

"To yaya ya ƙare?" in ji yarinyar.

Kaka ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ai nan matsalar take. Guguwa ta taso, jirgin uban ya ɓace a teku. Yaran suka tsaya a bakin ruwa da fitilu, za su fara waƙa. Daidai nan aka ɗauke wuta ranar da ake ɗaukar fim ɗin, kaset ya tsaya. Ba a sake nuna fim ɗin a talabijin ba.

"Ni dai na ɗauka uban ya rasu," in ji Kaka. "Amma raina bai taɓa kwanciya ba. Shi ya sa na kawo wa ubanku, ko zai nemo mini ƙarshen."

Baba ya yi ta nema. Babu fim ɗin a waya, babu a kwamfuta. Sai Allah ya taimaka, ya ji an gyara shi, an sake fitar da shi a faifai. 'Yan kaɗan aka buga, har sun kusa ƙarewa. Da ƙyar ya samu ɗaya.

Ranar da saƙon ya iso, Baba ya buɗe kwalin a gaban kowa. Ya riƙe faifan ta gefe-gefe. Hasken taga ya dake shi, launuka suka bazu a kansa, ja da kore da shuɗi. Kaka ta riƙe haɓa tana kallo. Ta kasa yarda cewa jirgi da teku da dukan waƙoƙin nan suna cikin wannan ɗan falalen abu.

"Baba, a sa yanzu mana!" in ji yarinyar.

Kaka ta ce a'a. A wurinta fim kamar tuwo ne, ba a cinsa a ɓoye. Sai an gayyaci maƙwabta, kamar yadda ake yi a Zariya. Aka tsayar da ranar Asabar bayan la'asar. Mako mai zuwa kuma Kaka za ta koma gida.

Baba ya ɗora kwalin a saman kabad. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi. Kun ji ko?"

Duk suka ce sun ji.

To, jin kunne daban, jin zuciya daban. Ranar Juma'a yarinyar ta dawo daga makaranta, ta ci ƙosanta. Mama ta sauka ƙasa ɗakin wanki. Kaka tana barcin rana. Fatihu ya tafi ƙwallo. Sai ita da kwalin nan, yana kallonta tana kallonsa.

Ta ce a ranta, ƙarshen kawai zan leƙa, ba wanda zai sani.

Ta jawo kujera ta hau. Ta ciro faifan da hannun da ta ci ƙosai. Kash! Yatsunta suka fito ɓaro-ɓaro a jikinsa, duk mai. Ta goga da rigarta, man ya ƙara yaɗuwa.

Sai ta tuna yadda Mama ke wanke tukunya har ta yi ƙyalli. Ta ruga kicin, ta ɗauki soson wanke-wanke, ɓangaren nan mai kaushi. Ta dirje gefen faifan da ƙarfinta. Man ya fita tas. Amma da ta ɗaga shi sama, sai ta ga duk ya karce.

Ta ji motsin makullin Mama a ƙofa. Ta mayar da faifan da sauri, ta sauko. Ko fim ɗin ma ba ta gani ba.

Ranar Asabar falo ya cika. Anti Chundung, maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, ta zo da ɗanta Chollom. Mama ta yi gugguru da zoɓo. Kaka ta ƙi kujera, ta zauna a kan darduma gaban talabijin. Yarinyar ta raɓe a can baya.

Baba ya sa faifan. Fim ya fara lafiya lau.

Kai, abin gwanin kallo! Teku ya cika bangon falon, shuɗi shar. Ana ganin kowane ɗigon ruwa a jikin jirgin. Ana ganin gashin tsuntsayen da ke shawagi a sama. Da aka fara waƙar farko, sai ka ce mawaƙan suna cikin ɗakin. Chollom ya tsaya da gugguru a hannu, ya manta da bakinsa.

"Ikon Allah," in ji Kaka a hankali. "Ashe rigar ƙaramar 'yar ja ce? A namu kaset ɗin ruwan ƙasa take."

Can kuma ta ce ashe akwai sarewa a waƙar nan, ita ba ta taɓa jinta ba. Ta riƙa bin waƙoƙin da muryarta, tana kaɗa kai. Baba ma ya shiga bi, kamar ba shi ne mai yawan ɗaure fuska ba. Ita kanta yarinyar ta manta da tsoronta, ta saki baki tana kallo.

Sai guguwa ta taso. Jirgin uban ya ɓace. Yaran suka fito bakin ruwa da fitilunsu.

Kaka ta dafa gwiwa, ta matso gaba. "Nan ne," in ji ta. "Nan aka ɗauke mana wuta."

Yaran suka ɗaga fitilu, babbar cikinsu ta buɗe baki za ta ja waƙa. Sai hoton ya tsaya cak.

Baba ya danna, ya sake dannawa. Ya mayar baya, ya dawo. A wuri ɗaya yake maƙalewa. Ya ciro faifan ya duba, fuskarsa ta canza. Ya juya ya kalli Fatihu, don shi ne mai taɓe-taɓen na'urori. Fatihu ya rantse bai ko hau kujera ba.

Kaka ta koma ta jingina da bango. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "A bar yaron. Allah bai nufa in gani ba, shi ke nan."

Maganar nan ta fi bulala zafi. Yarinyar ta ji tausayin Kaka, ta ji kunya ta rufe ta. Ta taso ta durƙusa a gabanta. Ta tattaro Hausarta duka, don Kaka ta ji daga bakinta.

"Kaka, ni ce. Na taɓa da mai. Na wanke da soso. Ki yi haƙuri."

Hawaye suka zubo mata. Kaka ta dube ta. Daga baya ta shafa kanta kawai.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kin kyauta da kika faɗi gaskiya, kin wanke yayanki. Amma ki sani, tun kafin a haife ki kakarki take jiran ranar nan. Ke kuma kika kasa jiran gobe."

Ya duba a wayarsa ko za a samu wani faifan. Babu, sun ƙare. Falo ya yi sanyi, ga gugguru ko rabi ba a ci ba.

Anti Chundung ta tsaya a bakin ƙofa tana sa takalmi. Ta ce ta san wani laburare a unguwar da ke da injin goge faifai. Da shi suke gyara nasu in yara sun karce. Ko za a gwada?

Baba ya ce za a gwada. Amma wadda ta ɓata ita za ta ɗauka, ita za ta yi bayani da bakinta.

Ranar Litinin bayan makaranta suka shiga bas, ita da Baba. A laburaren suka sami wata mata mai gilashi, sunanta Madam Tracy. Baba ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Yarinyar ta faɗi komai, har da ƙosan, har da soson. Ta ce kakarta za ta koma Najeriya, kuma ba ta ga ƙarshen ba.

Madam Tracy ta ɗaga faifan ta duba a haske. Ta ce injin yana aske saman ne kaɗan-kaɗan har ya yi sumul. In karcewar ta yi zurfi, ba zai gyaru ba, don haka ba ta yi alkawari ba. Kuma akwai wasu faya-fayan a gabansa. Sai a bar shi, in an gama za ta kira.

Jira kuma! Abin da yarinyar ta fi tsana a duniya, shi aka ba ta.

Kullum in ta dawo makaranta sai ta tarar Kaka tana shirya akwati. Ga man zafi na tsaraba, ga takalman jikoki. Akwatin yana cika, wayar Baba shiru. Yarinyar ta so ta ce a je a tambaya. Amma ta danne zuciyarta, ta zauna tana taya Kaka ninke kaya.

Ana gobe Kaka za ta tafi, Madam Tracy ta kira. Suka je suka karɓo. Faifan yana sheƙi, sai dai akwai wani ɗan siririn layi da bai fita ba.

Da suka iso gida, Fatihu ya ja ta gefe. Ya ce su sa shi a ɓoye su tsallaka ƙarshe, su ga ko ya gyaru. Wallahi ta so. Har yatsunta suna ƙaiƙayi. Amma ta girgiza kai.

"A'a, Yaya. Kaka ce za ta fara gani."

Ta wanke hannu da sabulu, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Anti Chundung da kanta.

Aka sake zama, aka fara daga farko. Kaka ta ce ba a shiga labari ta tsakiya. Waƙoƙi suka wuce. Guguwa ta taso. Yaran suka fito da fitilu. Yarinyar ta kama hannun Kaka ta riƙe gam. Babbar ta buɗe baki. Hoton ya ɗan girgiza.

Sai waƙa ta fito.

Wata waƙa ce da Kaka ba ta taɓa ji ba. Yaran suna yi, sai ga mutanen gari suna fitowa daga gidajensu. Kowa da fitila, kowa ya shiga jirginsa. Teku ya cika da haske kamar taurari sun sauko ƙasa. Duk gari suna waƙa ɗaya. Can nesa, daga kan wani dutse a tsakiyar ruwa, wata murya ta amsa musu. Uban ne. Yana nan da ransa.

Babu wanda ya motsa a falon. Da yaran suka rungume ubansu, Kaka ta sa gefen mayafi tana share ido. Tana kuka, tana dariya.

"Allah mai iko," in ji ta. "Shekara da shekaru ina tausayin marayun nan. Ashe ba marayu ba ne."

Anti Chundung ma sai da ta nemi hankici. Baba ya juya ya kalli taga, wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Kaka ta jawo yarinyar jikinta. Ta ce, "To ƙawata, me kika koya?"

Yarinyar ta ce, "In an ce in jira, zan jira. Kuma in na yi ɓarna, zan faɗa da wuri, ba zan ɓoye ba."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Kaka. Kowa ya ce amin.

Haka abin yake, yara. Gaggawa tana iya ɓata abin da wani ya daɗe yana jira. Haƙuri da faɗin gaskiya su suke gyara shi.

Kaka ta gyara zama a kan dardumarta. Ta ce wa Baba ya mayar mata da waƙar ƙarshen nan, tana so ta koye ta kafin ta hau jirgi.