Baƙin Shafi

Wandon mahaifinta ta kawo a rage masa tsawo, ba soyayya ta fito nema ba. Tela yana duƙe a kan keke, ya jingina wayarsa da gwangwanin allurai, anime, wato katun ɗin Japan, yana ta gudu a ciki, takubba na ƙara. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta leƙa wayar sau ɗaya, ta taɓe baki.

"A littafin ba haka aka yi ba," ta ce. "Wannan faɗan shafi huɗu ne kawai. Su sun ja shi har sati uku."

Ya ɗago. Doguwa ce mai tabarau, riƙe da wani ɗan littafin manga, irin na labarin zane na Japan, yatsarta a tsakiya don kada shafin ya ɓace mata.

"Ai shi ya sa ya fi daɗi," ya ce. "Naki na takarda, in an sari mutum, kina jin ƙarar?"

"Ina ji mana, a cikin kaina. Kuma tawa ta fi tasu."

Aikin minti goma ne, amma sai da wandon ya kwana huɗu a shagon, wai zare kalarsa ya ƙare. Zaren kuwa yana nan cike da akwati.

Daga nan ta zama 'Yar Takarda a bakinsa, shi kuma ya zama Sarkin Allura. A kantin magani na ƙarshen layi take aiki, in ta tashi da yamma sai ta biyo, ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, su ɗora musu daga inda suka tsaya. Labari ɗaya suke bi, na wani jarumi mai hannu ɗaya da malaminsa, Tsoho Mai Laima. Ita ta ce a manga linzamin yana hannunta, in fuska ta burge ta sai ta zauna a kanta minti biyar, ba mai tura ta gaba, kuma muryar jarumin ita ta zaɓa masa. Shi ya ce kiɗan anime yana gaya maka abin da ke tafe tun kafin ya iso, sannan wace takarda ce za ta ba ka numfashin da mutum ke ja kafin ya fashe da kuka? Ba wanda ya taɓa kayar da wani, kuma ba wanda ya so a gama.

Abin da bai gaya mata ba shi ne bai iya karatu ba. Lamba yana ganewa, tef ɗin awo ba ya masa gardama, amma haruffa in ya zuba musu ido sai su riƙa musanya wuri. Littafin awonsa ba suna ko ɗaya a ciki. Mai wushirya ya zana masa haƙora, mai tumbi ya zana masa tumbi. Anime ɗin ma sai wanda aka ɗora wa fassarar baki yake saukewa. Duk wannan zagin takarda da yake yi, tsoro ne ya sa riga.

In saƙonta ya shigo, sai ya zagaya baya, shagon gyaran gashi na yayarsa. Yaya ta goge hannu ta karanta masa:

"Sarkin Allura, yau na jera maganin tari a layin maganin ciki saboda tunaninka. In aka kore ni, kai za ka ɗauke ni aikin saka maɓalli."

Ya faɗa, Yaya ta rubuta:

"'Yar Takarda, ki zo. Maɓalli ɗaya a rana ya isa, sauran lokacin ki zauna inda zan riƙa ganinki."

"Ni da mijina bai taɓa ce min haka ba, ga ni ina rubuta wa wata," in ji Yaya. "Kai dai ka gaya mata gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Gobe, Yaya."

Goben nan ta yi wata takwas.

Mahaifinta tsohon hedimasta ne, har yau ba mai kiransa da wani suna sai Hedimasta. Da ta kai masa maganar Tela, ya cire tabarau ya ce tela ba laifi ba ne, sana'a ce, amma ƙato da gemunsa yana kallon katun ɗin yara, wannan bai gama girma ba. Shi ɗan ƙaninsa yake so mata, wanda ake kira Ɗan Banki, mai ɗaura taye har ranar hutu.

Ita ce ta kawo wa Tela labarin, idonta ja.

"Na ce wa Baba ba kallo kaɗai kake ba, kai ma mai karatu ne. Ya ce to ka zo ranar Asabar ya ji da kunnensa." Ta ciro littafi daga jaka ta ɗora masa a kan keke. "Na goma sha biyu ne. Anime ɗinku bai iso nan ba, sai baɗi. Ka karanta, don in ya tambaye ka abin da ka karanta kwanan nan ka samu na faɗa."

Ya kalli littafin. Ya buɗe baki, ya ga yadda take kallonsa da yarda, ya rufe.

Da Turanci aka buga littafin, Turancin Yaya kuwa a gaisuwa ya tsaya. Kwana uku Tela ya ajiye ɗinkin mutane. Ya buɗe littafin daga baya yadda ya saba ganin tana yi, ya bi zanen gida-gida. Ba kiɗa, ba murya, ba mai gaya masa yanzu ne za a ji tsoro. Da farko shirun ya dame shi. Daga baya ya gane abin da take nufi, don ya zauna a kan fuska ɗaya har shayinsa ya huce. Shafi ɗaya ne ya gagare shi, baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, ba zane ko ɗaya, sai layi biyar na farin rubutu. Ya ce a ransa ƙila sunayen masu buga littafin ne, ya wuce.

Ranar Alhamis Ɗan Banki ne ya kawo ta a mota, ya tsaya a ƙofar shago yana kaɗa makulli.

"Ka gama?" ta tambaya.

"Na gama. Kin lura da rigar jarumin a ƙarshe? Facin gwiwar hannunsa daga rigar Tsoho aka yanko shi. Kuma dubi ɗinkin, a karkace yake, tazarar ba daidai ba. Mai hannu ɗaya ne ya ɗinka da kansa."

Ta fizgi littafin ta duba. Sau uku ta karanta shi ba ta gani ba. Ta ɗago tana murmushi, hawaye na taruwa.

Da ya yi shiru a nan, da ya tsira. Amma daɗi ya kwashe shi.

"Sai dai Tsohon ya daɗe. Tun da ya shiga jirgin ruwa ba a sake nuna shi ba. A littafi na nawa zai dawo?"

Murmushin ya tafi. Ta buɗe baƙin shafin ta juyo masa da shi.

"Karanta min wannan."

"'Yar Takarda..."

"Layi ɗaya kawai. Don Allah."

Ya kalli rubutun. Haruffan suka fara halinsu. Daga bakin ƙofa makullin ya daina ƙara, Ɗan Banki ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ashe abin haka ne. Taso mu tafi, ƙanwata."

Ba ta shiga motar ba, a ƙafa ta tafi. Littafin ma a nan ta bar shi.

Washegari da rana saƙo ya shigo. Yaya ta fara karantawa, ta tsaya, ta zauna a kujerar kwastoma, sannan ta ci gaba:

"Yaya, na san ke ce kike karantawa. Ina gaishe ki. Ki gaya masa ba rashin karatun ne ya ƙona min rai ba. Wata takwas ina zuba abin da ke zuciyata, ashe mu uku ne. Kuma ya bar ni na yi wa mahaifina ƙarya da bakina. Ba zan ƙara ta biyu ba. Gobe ƙarfe huɗu. In ya zo, ya zo da gaskiya. In bai zo ba, na gane."

"Me zan rubuta?" in ji Yaya a hankali.

"Kada ki rubuta komai."

Falon Hedimasta littattafai ne har rufi. Tela ya zauna a ƙasa, a gefen kafet, da manga ɗin a aljihu. Ɗan Banki yana kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da jarida a naɗe a hannunsa. Labulen ƙofar ciki yana ɗan motsi.

"Baba, kafin a yi nisa," in ji Ɗan Banki, "ina ganin a ba baƙonmu jaridar nan ya ɗan..."

"Baba, ban iya karatu ba."

Tela ne ya katse shi.

"Ko sunana aka rubuta, sai na daɗe kafin in gane shi. Ita ba ta sani ba lokacin da ta gaya maka. Ni na ɓoye mata. Laifin nawa ne."

Hedimasta ya ajiye kofin hannunsa.

"Ba a sa ka makaranta ba?"

"An sa ni. Na yi aji huɗu."

"Wasa ka tsaya yi ke nan."

"Wallahi ban yi wasa ba, Baba. Ni nake fara zuwa. In na kalli allo, haruffan ba sa tsayawa wuri ɗaya. Na gaya wa malam, ya ce iskanci ne. Kullum da safe duka goma a wannan hannun, da gefen rula." Ya buɗe tafin hagunsa, inda wata yatsa ta ɗan karkace. "Ranar da ta karye ban koma ba. Kawuna ya zaunar da ni a keke."

Ɗan Banki ya gyara taye.

"To ka ji dai, Baba. Jahili ne ma, ba..."

"Je ka duba motarka," in ji Hedimasta, bai ko kalle shi ba.

Bayan ya fita, tsohon ya daɗe yana kallon hannun nan.

"Littafin da ta ba ka fa? Yaya ka yi da shi?"

Tela ya ciro ya miƙa da hannu biyu. Hedimasta ya buɗe daga gaba.

"Baba, ta baya ake farawa."

Tsohon ya harare shi ta saman tabarau, ya juya littafin. Tela ya matso, ya riƙa nuna masa gida-gida: wannan ya yi fushi amma yana ɓoyewa, dubi yadda ya matse laimar. Wannan ƙarya take yi, ba ta kallon idonsa. Hedimasta yana bin rubutun, yana duban zanen, yana gyaɗa kai ba da son ransa ba. Har suka iso baƙin shafin.

"Nan ne ban sani ba," in ji Tela. "Nan ne na rasa ta."

Hedimasta ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko. Ya karanta a hankali, yana fassarawa. Wasiƙa ce. Tsoho Mai Laima ya san ciwonsa ba na tashi ba ne, ya shiga jirgin don kada almajirin takobinsa ya ga ƙarshensa. Ya bar masa rigarsa, ya ce ya yafe masa tsananin da ya yi masa.

Tela ya sunkuyar da kai. Shekara uku yana bin tsohon nan a waya, bai san yana ƙaunarsa haka ba sai yanzu. Hawaye ya ɗiga a kafet, kunya ta kama shi.

Yatsar Hedimasta ba ta bar shafin ba.

"Shekara talatin da biyu ina koyarwa," ya ce. "Kowane aji akwai irinka, ɗaya ko biyu, a bencin baya. Wasu sun gaya min abin da ka faɗa yanzu. Ban yarda ba." Ya rufe littafin. "Ƙaryar da ka yi kuwa ba ni ka yi wa ba. Ke, fito, na san kina nan."

Ta fito daga bayan labule, tabarau a hannu, fuska jiƙe.

"Kin ji shi. Me kika ce?"

Ta kalli Tela.

"Daga yau ba mai shiga tsakanina da kai, ko Yaya ce. In kana da magana, ka faɗa min da bakinka. Abin da ke rubuce ni zan karanta maka."

"Na yarda, 'Yar Takarda. Ki yafe min."

"Sai na yi shawara," ta ce, tana goge ido, murmushi na neman ƙwace mata.

Shawarar ba ta wuce kwana biyu ba. Bayan wata uku aka ɗaura aure, amarya cikin rigar da ango ya ɗinka da hannunsa, Yaya tana ta gaya wa mutane ita aka sallama daga aiki ba takardar sallama.

Da za a tafi da amarya, Hedimasta ya kira ango gefe. Tela ya miƙa hannun dama, tsohon ya kama na hagun, ya riƙe yatsar nan a cikin tafinsa.

"Waɗancan yaran ban san inda suke ba," ya ce. "Kai ne a gabana. Ka yafe mana."

"Na yafe, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. In aka samu mai irin idonka a cikinsu, ku kawo min shi. Wannan karon zan saurara."