Mai Ƙahon Cocula

Ranar da 'yan fim suka sauka a garin Cocula, Casilda ta kai musu wainar masara a kwando. Nan ta haɗa ido da Anselmo, mai busa ƙaho cikin makaɗansu, sai ga shi ya ɓata waƙa har sau uku. Darakta ya yi jifa da hularsa.

Washegari ta tsinci takarda a gindin kwandon.

"Kurciyata, saura kaɗan a kore ni saboda ke. Gobe ki tsaya ta bayana, ki tausaya mini."

Ta ba shi amsa: "Mai ƙaho, in ganina kawai ya rikita ka, ina ga ka ga babana?"

Gaskiya ta faɗa. Babanta, Don Macario, shekara talatin yana goge, sai fim ya cusa ƙaho cikin mariyaci, kiɗansu na gargajiya, masu biki suka rage kiransa.

"Ƙaho kukan jaki ne," in ji shi. "Ga Fidencio ɗan mai kantin magani, yaro mai natsuwa."

"Baba, Fidencio ko tafi bai iya ba!"

"Ya fi."

'Yan fim suka koma birni. Wata uku babu wasiƙa. Casilda ta rasa sukuni, kullum tana hanyar gidan waya, ta dawo ta ƙona wake. Ta sakankance wata 'yar rawa ta ɗauke shi. Fidencio kuwa har ya fara zancen sa rana.

Da sassafe ranar bikin waliyyiyar da ta ci sunanta, aka ji wani abu a ƙofar gida kamar ana yanka akuya. Ta leƙa ta taga. Anselmo ne da goge a kafaɗa, yatsu duk kanta, yana ta zufa. Ashe abin da ya ɓoye yana koya ke nan.

Don Macario ya fito ba takalmi.

"Kai, wa ya koya maka wannan ta'asa?"

"Ni na koya wa kaina, Don Macario. Na ajiye ƙaho. Casilda nake so."

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsun. Ya fizge gogen, ya gyara tsirkiya.

"Je ka ɗauko jakinka, ƙahon nan. Ba zan aurar da 'yata ga mai kashe goge ba."

Casilda ta fashe da kuka tana dariya.

Ranar aure a coci suka yi kiɗa tare, ƙahon na bin gogen a hankali. Da aka gama, Don Macario ya haɗa hannayensu.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, kada ka sake taɓa min goge."