Ranar da Uwar Na'ura Ta Yi Shiru

Ranar da Ladi ta fara aiki a furojen rijiyoyi na Tawa, wani aikin tallafi na Turawa, saura kaɗan kuka ya kuɓuce mata. An zaunar da ita gaban na'ura mai baƙin allo, ba hoto ba ado, sai ɗan tsinken haske yana ƙyaftawa. Ta buga abin da aka koya mata, allon ya mayar mata da kalma biyu na Faransanci: Connexion refusée. Wato an ƙi haɗa ta.

Ta sake, aka sake ƙi. Ta cire tabarau ta goge da bakin gyale.

"Madmazal, kada ki karya mini maɓallai," in ji wata murya a bayanta. "Ba laihinki ba ne. Uwa ce ba ta tashi ba."

Ta waiwaya. Dogon saurayi ne siriri, da ɗan kofin shayi a hannu, rigarsa ta sha guga har ta fara koɗewa.

"Wace uwa kuma?"

"Taho ki gaishe ta."

Ya kai ta wani ƙaramin ɗaki mai sanyi, inda wata babbar na'ura ke zaune ita kaɗai.

"Turawa na ce mata sarwar, mu muna ce mata uwa. Duk rijiyoyin Adar suna cikinta, daga Afala har Tebaram. Taki na'urar ba ta riƙe komi, tambaya kawai take aikowa ta waya, uwa ta amsa. In uwa na barci, ko ki buga har la'asar ba mai jin ki."

Ya sunkuya ya buga layi ɗaya, sunan shirin da lambar ƙofar da zai tsaya yana saurare. Rubutu ya zubo, na ƙarshe ya ce uwa ta shirya.

"Koma ki ba ta sunanki da kalmar sirrinki. Ni ne Alƙasum, mai reno."

Ladi ta koma kujerarta, aka haɗa ta nan take.

Aikinta shi ne shigar da rahoton ƙauyuka a wani sabon salon rubutu da Turawan suka zo da shi, XML, inda kowane bayani ke shiga tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa: sunan gari, zurfin rijiya, ruwan mai daɗi ne ko mai zartsi. Ba a yi wata guda ba Alƙasum ya buɗe wani ɗan rumbu a cikin uwa, ya sa masa suna "hira". Su biyu kaɗai suka san da shi. Ofishin cike yake da idanu, shi ya sa a baki ba su wuce ina kwana.

"Ladina," ya rubuta wata safiya, "rijiyar garinmu Takanamat kin sa mata zurfin da ya hi na gaskiya. Ko kina son a ce gidanmu da nisa?"

"Mai reno," ta amsa, "abin da aka aiko shi na sa. In kana ja, tahi ka shiga ka auno."

"In na shiga wa zai jawo ni?"

Ta duba hagu da dama, sannan ta buga: "Ni. Amma ba ni da ƙarhi, sai ka yi haƙuri."

Haka bazara ta wuce musu, har Alƙasum ya tura kawunsa da goro gidan su Ladi.

Mahaifinta Malam Attahir ɗan kamasho ne a tashar manyan motoci. Tun kafin a haife ta yake loda samarin Adar zuwa Abijan, kowace kaka bayan an gama girbi. Shi da hannunsa ya ɗaure jakar mijin yayarta Aminata a kan mota, ga shi yaron da aka bar ta da cikinsa har ya fara zuwa kiwo, uban bai dawo ba. Aminata tana nan gida, ba matar aure ba, ba bazawara ba.

Ladi tana bayan zana ta ji abin da ya gaya wa baƙon.

"Yaron ba shi da aibi. Amma ɗan Adar ne, ƙahwarshi guda na cikin mota tun ran suna. Na ba hanya ɗiya ɗaya, ba ni ba ta ta biyu."

"Malam, ai shi ma'aikaci ne."

"Aikin Nasara? Ran da Nasara ya naɗe tabarmarshi, wurina zai zo neman kujera kusa da taga."

Aka mayar da goro. Daga ranar wani Issouf, mai shagon kayan masarufi, ya fara yawan wucewa ta ƙofar gidan da la'asar. Malam Attahir bai ce mata komai ba, sai dai ya kan faɗa a gaban kowa cewa mai shago ba ya nisa da makullinsa.

Sannan abin da tsohon ya faɗa ya soma tabbata. Tun bayan juyin mulkin farkon shekarar masu ba da tallafi suke ja da baya. Turawan suka koma Yamai, motocin furoje suka bi su, aka daina biyan albashi. Aka zo aka cire na'urar sanyi daga ɗakin uwa, dole aka bar ƙofar a buɗe don iska. Ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ladi dai kullum tana zuwa, shi ma haka.

Damina ta yi gardama a arewa. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe.

"Ladina," ya rubuta da kaka, "Inna ta aiko, rumbu ba komi. Ɗan kawuna na da shagon gyaran na'urori a Abijan."

Ta mayar masa: "To Baba ya yi gaskiya ke nan."

"Ban ce zan tahi ba."

"Ba ka ce ba ka tahiya ba."

Ta tashi ta tafi gida tun kafin azahar, ba ta yi masa sallama ba.

Washegari ta zo da niyyar ba shi haƙuri. Ta zauna, ta buga sunanta da kalmar sirri. Connexion refusée. Ta leƙa ɗakin uwa, na'urar a kashe, an lulluɓe ta da zane, an wanke kofin shayi an kife. Ta koma ta jira har rana ta take. Bai zo ba.

Haka gobe, haka jibi. Budurwa ba ta zuwa ɗakin saurayi tambaya, kuma ba wanda za ta aika ba tare da magana ta fita ba. A gida Malam Attahir yana dawowa ya ci tuwonsa shiru, ba ya haɗa ido da ita. Aminata ce ta lura.

"Ke, ki ci abinci. Farkon ne da wuya. Daga baya ki saba, har in an ce ga mota ta zo daga kudu ba ki ko ɗaga kai."

Wannan lallashin ya fi zagi ciwo.

Wata safiya tana zaune gaban baƙin allon, sai tunani ya faɗo mata. Alƙasum bai taɓa barin uwa a kunne ya fita ba, ko sallar Juma'a zai je, don tsoron kada a ɗauke wuta bayanai su lalace. Kullum sai ya buga umarnin tsayarwa, ya jira ta rufe, ya lulluɓe. Hannunsa ya saba, ba ya ma tunani. To idan ya bar mata magana a rumbunsu, sannan ya kashe fa?

Ba a yarda kowa ya taɓa uwa ba sai shi. Ladi ta shiga, ta yaye zanen, ta danna maɓalli. Sau nawa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yatsunsa? Ta buga sunan shirin, ta manta lambar ƙofa, na'urar ta yi mata tsawa da dogon Faransanci. Ta yi bismilla ta sake. Rubutu ya zubo, uwa ta ce ta shirya.

Ta ruga kujerarta, ta buɗe "hira".

"Ladina, ban iya faɗa miki a ido ba. Na kai jakata tasha, motar Abijan. Ba ni da abin da zan ba ki nan, ba albashi, ba gero, ba yardar Baba. Amma in kin ce in zauna, in zauna mu sha wuyar tare. Ki zo ko ki aiko kahin mota ta tashi. In na ji shiru na gane, kuma ba ni riƙe ki a zuciya. Mai renonki."

Ta fita ko jakarta ba ta ɗauka ba. A hanya tana ta gaya wa kanta cewa ta makara, yanzu ya wuce iyaka.

Motar tana nan. Man da direba ke jira daga Ƙonni sai daren jiya ya iso, yanzu ake ƙara ɗaure igiya a kan tamfol, injin yana ruri. Alƙasum yana zaune a gindin wata bishiyar bedi, ya rame, gemu ya fito masa. Da ya gan ta ya miƙe a hankali.

"Kin zo sallama?"

"Ka kashe uwa!"

"Mi?"

"Ka rubuta mini, ka kashe uwa, ka lulluɓe ta da zane! Da mi zan karanta, da idon aljani?"

Ya dafe kansa da hannu biyu.

"Wayyo ni. Kwana da kwanaki ina nan ina cewa kin karanta kin yi shiru. To wa ya tashe ta?"

"Ni."

Samarin da ke kan mota suka fara shewa. "Ɗan boko, hau ko ka sauka, rana na yi!"

Ladi ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba. Amma ta ce, "Zauna. Ban san mi za mu ci ba. Amma zauna."

Sai ta ga mahaifinta. Yana tsaye a jikin motar da igiya a hannu, kuma ta gane duk kwanakin nan yana kallon yaron, bai ce mata uffan ba.

Alƙasum ya je ya durƙusa a gabansa.

"Baba, a sauko mini da jakata."

"Tana can ƙasan kaya. Direba ba ya kwance tamfol don mutum ɗaya. Takardunka na ciki?"

"Har da takardar shaidar karatuna."

"To ka hau ka bi su."

"Su tahi, Baba."

Malam Attahir ya dube shi. Sannan ya bubbuga jikin motar da tafin hannu, alamar a tashi. Motar ta fita daga tasha tana rangaji, da jakar Alƙasum da duk abin da ya mallaka. Tsohon ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Tunda nike aikin ga ban taɓa ganin wanda kayanshi suka tahi shi ya tsaya ba," ya ce. "Ke, wuce gida, kin tara mini mutane. Kai kuma ka ce wa kawunka ya maido goron nan, in bai bushe ba."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla, a ƙofar gida, da goro da dabino kaɗan. Rigar ango ta aro ce, hannunta bai kai wuyan hannunsa ba. An riga an rufe furojen, an kai na'urorin wani ofishi inda ba mai kunna su. Alƙasum yana gyaran rediyo a wata rumfa, wata rana a samu, wata rana a dawo hannu sake, kuma abin da aka samu sai an raba da gidansu na Takanamat. Ba wanda ya ce musu gobe za ta fi yau.

Da za a kai amarya, Aminata ta gyara mata lulluɓi tana share nata hawayen. Malam Attahir ya ɗora hannu a kan Ladi.

"Allah shi ba ku ruwan sama. Allah shi ba ku haƙurin juna. Allah shi sa in mutu ban loda shi ba."

Matan gidan suka amsa da amin, aka fita da ita.