Inuwar Gawon da Aka Sassare

A bayan kara, kasuwar shanu, inda ake jibge shanun da suka faɗi, aka tsinci gawar Malam Abdurrahamane, malamin dabbobi mai duba nama a kwatar Tasawa. Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki, damina kuma ta riga ta ci amanar mutane. Kowace hanya ka bi mushe ne, har ungulu ta fara yanga.

Ansifekta Gambo ya iso rana na tsakiyar ka. Mutum ne mai gajeren haƙuri, ga ƙiba, ga gumi. Ya duba ƙeyar mamacin, ya ga an rotsa ta. Wari ya kore shi ya nufi gindin wani gawo don ya sha inuwa, sai ya tarar makiyaya sun sassare rassansa kaf sun ba dabbobi. Kututture ne kawai a tsaye.

"Tir! Ƙasar da itace ma ya rasa inuwar kansa," in ji shi.

A gefen gawon akwai mushen saniya da aka zare wa cinyoyi biyu, yanka sumul. Gambo ya taɓa ta da takalmi. Kura dai ba ta yawo da wuƙa. Ya riƙe wannan a ransa, ya toshe hanci ya koma mota.

Kafin ya kai komisariya, ofishinsu na 'yan sanda, har an kawo masa mai laifi, rigarsa a yage, bakinsa na jini. Mutari sunansa, manomi daga Attantane. Jiya ya jawo sansa na huɗa, wanda ya rage masa ke nan, don a yanka kafin ya faɗi. Malam Abdurrahamane ya duba ya ce san ba shi da lafiya, ba za a yanka shi a kwata ba. Rabin kasuwa ta ji Mutari yana cewa sai ya ga bayansa.

Gambo ya buɗe aljihun tebur, ya ciro ƙunshin kilishi, ya yaga yana tauna a gabansa.

"Kai ka ce sai ka ga bayanshi?"

"Ni na ce, ranka shi daɗe. Baƙin ciki ne."

"To ga shi ka gani. Da mi ka buge shi?"

"Ban buge shi ba. Na ja sana na bar wurin. Mai hoton nan ma ya gan ni, yana bisa tudu da abin ɗaukarshi."

"Yaushe rabonka da abinci?"

 Gambo ya tura masa ƙunshin.

"Faɗi gaskiya ka ci."

Mutari ya dubi kilishin, ya kawar da kai. "Bana ba ni cin naman da ban ga yankanshi ba."

"Ji ɗan banza! Yunwa da tsirfa. Ku kai shi ciki."

Waya ta yi ƙara. Daga ofishin parefe mai mulkin gundumar ne, parefen kuwa soja ne, ba ya maimaita magana. An kashe ma'aikacin gwamnati, saboda haka motar da za ta tashi Maradi da la'asar da mai laifin za ta tafi. Kowa ya san wanda ya shiga motar nan da tuhumar kisa, sai dai iyalinsa su fara haƙuri. Gambo ya ce "To, mon komandan," ya ajiye, sannan ya zagi wayar.

Wanda ya fara nuna Mutari da yatsa shi ne Alhaji Ladan, babban mai kilishin garin, wanda kuma kilishinsa ne a aljihun teburin Gambo. Gambo ya same shi a rumfarsa, nama shanye a kan asabari har iya ganinka.

"Alhaji, ka ga faɗan da idonka?"

"A'a, labari aka ba ni. Ni jiya tun safe ina garin Cake wurin gaisuwar mutuwa. Amma ƙauyawan ga, Ansifekta, yunwa ta maishe su dabbobi."

"Shanu na ƙarewa, kai kuma namanka na ƙaruwa."

Ladan ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Albarka ce. A ƙara maka ƙunshi?"

Gambo ya karɓa. Ba ya mayar da hannun kyauta baya, halinsa ke nan.

Shagon Cha'ibu mai hoto yana bakin babbar hanya. Cha'ibu surukin Ladan ne, ɗiyarsa yake aure. Bana ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji, yana ɗaukar musu hotunan fari, abin ya hau masa kai har ya fara sa tabarau a cikin ɗaki. Gambo ya tarar da shi gaban ordinata, wato kwamfuta, fuskar wata mata a kan allon, an shafe ta da ja kamar an watsa mata jan kunu.

"Mi ka yi wa matar mutane?"

Cha'ibu bai ko tashi ba. "Aiki ne, ba kowa ke gane shi ba. Wannan jan mayafi ne. Da burushi nike shafa shi inda nike son gyara, nan kaɗai gyaran zai taɓa." Ya danna wani abu, jan ya ɓace, fuskar ta fito fes, ta fi wuyanta haske. "So take ta yi fari, ba ta son rigar ta koɗe. In na cire mayafin sai ta koma yadda Allah ya yi ta. Na asali yana nan ƙarƙashi, ba ya zuwa ko'ina."

"Madalla. Jiya kana bayan kara?"

"Da sassafe. Ban ga kowa ba."

"Mutari ya ce ka gan shi."

"Wane ne kuma Mutari?"

Gambo ya juya zai fita, sai idonsa ya faɗa kan wani babban hoto da aka liƙa a bango, sabo fil. Mushen shanu ne jere har nesa, ƙasa fara fat, haƙarƙari a waje. Ko shi da ba ya da tausayi sai da ya tsaya.

"Na jiya ne," in ji Cha'ibu, fahari ya rinjayi hankalinsa. "Ban taɓa ɗaukar kamarshi ba."

Gambo ya matsa kusa. Inuwar kowane mushe tana ƙarƙashin cikinsa, gajeriya, wato rana tsaka aka ɗauka, ba sassafe ba. Can gefe kuma ga gawo, a gindinsa inuwa baƙa ƙirin, mai faɗi, irin wadda mutum zai shimfiɗa tabarma ya yi barci.

Ran Gambo ya ɓaci, har wuyansa ya kumbura.

"Kai, ɗan birni. Ka taɓa tsayawa gindin itacen ga?"

"Mi ya faru?"

"Ni na tsaya, ƙeyata ta soyu. Ko ganye ɗaya babu. Ina ka samo mashi inuwa?"

"Haske ne... yadda abin ɗaukar ke..."

"Buɗe shi a ordinata."

"Hoton ƙungiya ne, ba ka da izni."

Gambo ya finciko tabaran daga fuskarsa ya ajiye a kan tebur a hankali. "Akwai wuri biyu a motar Maradi. Buɗe, kuma ka kunna jan nan naka."

Cha'ibu ya buɗe. Ya danna. Ja ya bayyana a kan haƙarƙarin shanun, inda ya ƙara musu duhu don su fi ban tausayi. Gambo bai kula da wannan ba. A gindin gawon yake kallo. Cha'ibu gwani ne, kuma gwanintar ce ta kashe shi: kafin ya baza duhun ya zama inuwa, sai da ya bi abin da yake ɓoyewa da ƙaramin burushi, gefe da gefe. Jan ya fi kauri a nan, ya zana amalanke, ya zana mutum biyu, ɗaya siriri, ɗaya mai tumbi da doguwar hula.

"Cire mayafin."

"Don Allah, Ansifekta. Uban matata ne."

"Cire!"

Inuwar ta ɗauke. Ga Alhaji Ladan, wanda ke Cake wurin gaisuwa, tsaye cikin rana da wuƙa a hannu. Ga cinyoyin saniya a kan amalanke. Ga Malam Abdurrahamane ya riƙe hannun amalanken da hannu biyu. Can ƙarshen hoton, ƙanƙane, wani mutum yana jan sa ya ba su baya, ya yi nisa.

Cha'ibu ya fashe da kuka. Ya rantse daga nesa ya ɗauka, bai lura ba sai da ya ƙara girman hoton. Abin kunyar mushen ya so rufewa. Da labarin gawar ya zo, sai ya ja bakinsa.

"Mi ya hana ka share hoton gaba ɗaya?"

Cha'ibu ya dubi bango. "Ban iya ba."

"Shashasha. Da ka iya, da talaka ya tafi a banza. Ɗauko injin ka biyo ni."

Aka kirawo Ladan komisariya, ya shigo da faɗa, yana ambaton manyan da ya sani. Gambo ya juya masa allon. Ya sa Cha'ibu ya mayar da inuwar, ya cire, ya mayar, ya cire. Alhaji na ɓacewa yana dawowa. A na ƙarshe Ladan ya zauna a ƙasa.

"Cewa ya yi zai tara kasuwa shi faɗa masu," in ji Ladan. "Na roƙe shi. Na ce nama ne ke lalacewa a banza, yaji da rana na kashe komi. Ya ce mushe mushe ne. Ya juya zai tafi, na ɗauki ƙotar gatari..."

"Tun yaushe kake ciyar da mu mushe?"

Ladan ya sunkuyar da kai. "Tun da shanu suka fara faɗuwa."

Aka sa masa ankwa. Da motar Maradi ta tsaya a ƙofa, shi aka tura ciki, surukinsa na biye da shi. Mutanen da suka fasa wa Mutari baki da safe su ne suka taru suna tofar da yawu, wasu na ƙaƙarin amai a bakin kwalbati.

Aka fito da Mutari. Gambo bai ba shi haƙuri ba, bai saba ba. Ya ce masa kawai ya tafi.

"Sana fa?"

Wani ɗan sanda ya ce san ya faɗi tun azahar, a inda aka ɗaure shi bayan ofis, ba a samu mai yanka shi ba.

Mutari ya daɗe a tsaye. Bai yi kuka ba. Ya nemi a ara masa shebur.

"Ka yi mi da shi?" in ji Gambo.

"In rufe shi. Shekara da shekaru yana ci da ni, ba ni barin wani shi shanya shi bisa asabari."

Mutari ya karɓi shebur ya zagaya baya. Gambo ya koma ofis, ya jawo aljihun tebur don ya ɗauki biro, ƙamshin yaji da ƙuli ya buge shi. Ƙunshi biyu, ɗaya ya ci fiye da rabi. Bai kai ƙofa ba aman ya zo masa, yana durƙushe yana jin ƙarar shebur daga bayan ginin.