Hannun da Lalle Bai Kama Ba

"Wa ka ɗauko mini, Bunyaminu?"

Sakinatu ce tsaye a zauren Baba Na'Allah, hannayenta naɗe da tsumman lallen aure. Amarya ba ta fitowa ranar lalle. Ita ta fito.

"Sanyin idona, saurara..."

"Riƙe sanyin idonka! Wa ka ɗauko?"

"Babanki, Namadi. Innata ta rantse ba a ɗaura auren sai uban da ya haife ki ya ba da ke. Jummai ce ta binciko ƙauyensa..."

Jummai, ɗiyar kawunsa, wadda ta daɗe tana jiran auren nan ya lalace.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ce, kowa a Bagudo na maganar 'yanci. Bunyaminu matuƙin kwalekwale ne, mai kirki, irin kirkin da ba ya tambaya kafin ya taimaka. Kwana biyu ya yi yana tuƙi a kogin Kwara har ƙasar Dahomey, ya dawo da tsohon, ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma.

Sakinatu ta sa haƙora ta kwance tsumman.

Hannun dama ya yi ja. Na hagu, wanda ta shekara biyu tana ɓoyewa cikin mayafi shi yana zaton kunya ce, fari ne, a takure, yatsu biyu a manne. Lalle bai kama shi ba.

"Duba! A'a, kar ka kau da kai, duba!"

Ya duba.

"Shekarata shida. Na ci kifi guda daga banda don yunwa. Babana ya danna hannun ga cikin garwashi, bai sake ba sai da ya gama faɗansa. Goggo Batulu ta zo sarin kifi, ta ji ƙauri, ta ɗauka kifi ne ke ƙonewa..."

"Sakinatu..."

"Ƙarƙashin kwanduna ta ɓoye ni ta kawo ni nan. Ita ta wanke ruɓar, mijinta Baba Na'Allah ya koya mini Fatiha. Shekara goma sha biyu ba wanda ya biyo sawuna. Sai kai, mai sona!"

"Wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba! In shi zai ba da ni, kai wa Jummai goronka."

Bunyaminu ya fita ƙofar gida. Tsohon na zaune yana cin goro, Inna Atika, uwar ango, na yi masa fifita.

"Baba, kai ka ƙona ta?"

"Ɗiyata ce, yaro. Horo ne. Wa bai horon ɗansa?"

"Wane hannu?"

Namadi ya daina tauna. Ya dubi nasa hannayen.

"Na dama... ina zato."

Fifitar ta tsaya. Inna Atika ta ga hannun ta ƙofar zaure, kuma ta san dama da hagu.

"Tashi, Baba," in ji Bunyaminu, ya kama bakin tabarmar. "Jirgi na jira."

Kwana huɗu ya yi a ruwa, zuwa da dawowa. Tuwon biki ya lalace. Alƙali ya ga hannun, ya ba Na'Allah walicci. Inna Atika ba ta ba da haƙuri ba, amma ita ta daka sabon lalle da kanta. Jummai ta ce ciwon kai ya hana ta zuwa.

Da aka kai amarya, Bunyaminu ya shiga ya zauna daga nesa, tafukansa duk kumburin tuƙi.

"Amaryata..."

"Ban huce ba."

"Na sani."

"Ba yau ba, ba gobe ba."

"Zan jira."

Ta daɗe tana hararsa. Sannan ta zaro hannun hagu daga mayafi, ta miƙa masa.

"Riƙe a hankali," ta ce. "Har yanzu yana jin zafi."