Muryar Kaka a Cikin Kwamfuta

A wani gari an yi wata yarinya wadda ta adana muryar marigayi kakanta a kwamfuta. Wata rana dangi suka taru don su saurara, sai aka ɗauko kwamfutar zuwa tsakar gida. Da aka kunna, ta ƙi tashi, wai ba ta ga ma'ajiyarta ba, wato inda take adana bayanai.

Kawu ya ce, "Ki ɗan buge ta, haka nake wa rediyona."

Yarinya ta ce, "Kawu, bari dai in duba."

Gwaggo ta ce, "Shanya ta a rana kamar batir."

"Gwaggo, bari dai in duba."

Yayan yarinyar ya ce a goge komai a sake lodawa. Ta tuna in an goge, muryar Kaka za ta tafi.

"Yaya, bari dai in duba."

Ta cire wuta, ta buɗe murfin a hankali. Ashe wayar ma'ajiya ce ta zame wajen ɗauka. Ta mayar, ta kunna.

Sai ga muryar Kaka: "Yara, kowa ya yi shiru."

Kawu, da furfurarsa, ya gyara zama ya ce, "To, Baba."

Gida ya cika da dariya.