Gaisuwa a Tsakiyar Tsere

“Ki faɗa masa kada ya ƙara taka ƙofar gidana.”

Sifanar gyaran keke ce a hannuna lokacin da Baba ya faɗi haka, saura kaɗan ta faɗo mini a ƙafa.

“Baba, me Atu ya yi?”

“Ina bakin gonata, a gaban mutane, yaron nan ya wuce ni a kan keke kamar ya wuce kututture. Bai sauka ba, ko kai bai ɗaga ba!”

Luka ne ya ɗauko Baba a babur daga ƙauyenmu har rumfar gyaran keke ta Kawu Abraham a Malumfashi, inda nake taya aiki tun ina ƙarama. Yana tsaye a gefe yana girgiza kai, wai shi abin ya dame shi. Akawu ne a kamfanin gurzar auduga a Funtua, ya daɗe yana zarya gidanmu, ni kuwa ko inuwarsa ba na so.

Atu nake so, duk garin an sani.

“Baba, wallahi bai gan ka ba. Atisaye yake yi. A irin tseren nan ana sakin mutum shi kaɗai ne, agogo ake duba masa. In ya tsaya, agogon ba ya tsayawa...”

“Agogon ne ya haife shi?”

Na ajiye sifanar, Baba ya ci gaba.

“A garin nan, Roda, ko ɗan hakimi ya ga babba sai ya sauko daga keke. Ranar tseren ina nan gindin ɗorawata. In ya sake wuce ni, magana ta ƙare.”

Luka ya ce, “Ni zan kawo maka kujera ma, Baba.”

Na bi shi da harara har suka sha kwana.

A shekarar 1981 ce, muna cikin jihar Kaduna. Daga Kafur zuwa Malumfashi za a yi tseren, mutum biyu da suka fi kowa sauri su za a ɗauka cikin ƙungiyar jiha. Atu ya shekara uku yana mafarkin wannan rana, kuma titin ta bakin gonar Baba ya bi.

Da yamma sai ga shi ya zo, gumi sharkaf. Na faɗa masa komai.

Ya zauna a kan benci, ya daɗe yana kallon keken.

“Shi ke nan, Rodata. Na fasa tseren.”

“Ka fasa me?”

“Ke kin fi mini Kaduna.”

Maganar ta yi mini daɗi har cikin raina, amma haushi ya fi yawa. Ni da na raba keken nan da madigadin taya da kariyar ɗaukar kaya da ƙararrawa, na kifa kansa ƙasa don Atu ya riƙa kwanciya iska na bi ta bayansa? Kwanciyar nan ce ma ta hana shi ganin Baba, don ba ya ganin komai sai kwalta.

“Ba za ka fasa ba, kuma ba za ka wuce Baba ba.”

“To yaya za a yi?”

“Za ka sauka ka gaishe shi, ka hau, ka ci.”

Kawu Abraham da ke faci a gefe ya tuntsire da dariya. “Kin san gaisuwar babanki Ishaya kuwa? Sai ya tambayi lafiyar akuyar gidan mutum.”

“Na sani, Kawu. Keken da zai samo mana lokacin gaisuwar za mu haɗa.”

Washegari na wargaza keken nan gaba ɗaya. Na wanke ƙwayoyin boris na cikin taya da kananzir, na zubar da duk wanda ya ci, na sa sabon giris ɗan kaɗan. Wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya na ɗaure su, har gargaren tayar ya daina rawa. Kawu ya tafi Funtua ya samo mana siraran tayoyi wurin wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Sirdin na ɗaga shi, na tura shi gaba, Atu ya yi ta ƙorafin baya.

“Zumata, kashe ni za ki yi?”

“Sai bayan tsere.”

Abin da ya fi ba ni wahala madaurin ƙafa ne. Da igiyar fata muke ɗaure masa ƙafa a feda don ya riƙa ja yana dannawa, amma mai ɗaurarriyar ƙafa ba ya sauka da sauri. Na zaunar da Sada baduku har sai da ya yi mana wanda fizga ɗaya ke kwance shi.

Sai atisayen gaisuwa.

Nakan sa hular Kawu in zauna a kan bulo a bakin titi, in haɗe rai. Atu ya taho a guje, ya taka birki, ya fizge madauri, ya durƙusa.

“Ina kwana, Baba?”

“Lafiya. Ina gajiya? Yaya mahaifiyarka? Yaya ciwon ƙafarta? Audugarku ta yi kuwa? Akuyar nan ta haihu?”

“Roda, don Allah...”

“Baba za ka ce!”

Ranar farko ya faɗi a kwalbati, ya ɓare gwiwa. Ina wanke masa ciwon ina hawaye, shi kuma yana dariya.

“Kin fi kyau da hular nan,” in ji shi.

“Tashi ka sake.”

Haka muka yi ta yi har damina ta ja baya. Tudun da ke gaban gonarmu, wanda da yake hawa yana haki, ya koma hawansa a tsaye kan feda. Ya rame, ƙafafunsa suka yi tauri kamar taɓarya.

Ranar tseren ban je wurin tashi ba. Gindin ɗorawa na tafi. Baba na kan kujerar da Luka ya kawo, da dattawan coci biyu a gefensa.

Masu tsere suka riƙa wucewa ɗai-ɗai, baƙi daga Funtua da Matazu, babu wanda ya kalle mu.

Can sai na hango jar rigar Atu.

Tahowa yake kamar ba ya taɓa ƙasa. Ban taɓa ganin ya yi gudu irin wannan ba, har zuciyata ta ce, kai dai wuce kawai, masoyina, ni zan san yadda zan yi da Baba.

Birki ya yi ƙara.

Ya fizge madauri, ya dire, ya cire hula, ya durƙusa a kan tsakuwa. Ƙirjinsa na sama da ƙasa, muryarsa da kyar take fita.

“Ina kwana, Baba?”

“Lafiya lau. Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

Tayar keken na ta juyawa a ƙasa. Ni kuwa kamar in haɗiye zuciya.

Luka ya sunkuyo. “Baba, ba ka tambaye shi jikin mahaifiyarsa ba. Ga maganar audugarsu ma...”

Baba bai ko waiwaye shi ba. Gwiwar Atu yake kallo, inda tabon kwalbati ya sake fashewa jini na bin ƙaurinsa. Kuma Atu bai saci kallon titi ba ko sau ɗaya.

“Tashi,” in ji Baba.

Atu bai motsa ba.

“Na ce tashi ka hau! Sauran gaisuwar ka kawo mini ita gida ranar Asabar, kai da manyanka.”

Da hannunsa ya ɗaga masa keken. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ina ihu ina bin tudun da gudu, ɗankwalina a hannu.

Luka ko kujerarsa bai tsaya ɗauka ba.

Atu ya zo na biyu. Wani ɗan Funtua ya riga shi da abin da bai kai ƙiftawar ido uku ba, kuma har gobe ina cewa “ina gajiya” ɗin Baba ne ya cinye mana na ɗaya. Amma biyu ake nema, sunansa ya tafi Kaduna.

Ranar Asabar suka zo, shi da baffanninsa. Tun daga bakin gari ya sauko yana tura keken.

Ina laɓe a bayan zana na ji Baba ya gyara murya.

“To, Atu, ina muka tsaya? Yaya mahaifiyarka?”

“Tana lafiya, Baba.”

“Akuyar nan ta haihu?”

A wannan karon babu mai duba agogo, sai ni da na ƙosa a zo kan maganata.